Jirin Azahar

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, amma ba su gaya mana yadda mutum zai yi ba idan maganin da aka ba shi don neman lafiyar ya fi ciwon kansa damunsa. Wannan kuwa shi ne halin da masu hawan jini da yawa ke ciki, ni ma shekarata bakwai ke nan a cikinsu. Hawan jini baƙo ne marar sallama. Yana iya shekara goma a jikin mutum yana cin jijiyoyinsa kamar yadda gara ke cin azara, mai gida na ta harkokinsa bai san ana yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 1923 da ɗari, watau 2023, cewa masu wannan ciwo a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ita kuwa ƙwayar da ake sha dominsa ba ta da irin wannan kawaici. Cikin makon da ka fara ta tana iya sanar da kai ta iso, sau da yawa kuma da jiri take yin sallamar. To, mutumin da jiya yake jin kansa garau, yau an ce masa ba shi da lafiya, an ba shi magani, ya sha ya ga duhu a idonsa, wa kake tsammani zai zarga, ciwon ko maganin?

Da yake mujallar nan ta masu nazarin harshe ce, bari in fara da kalma. A maganar yau da kullum mukan ce jiri, mu ce juwa, mu ce hajijiya, ba tare da mun damu da bambanci ba. A wajen likita kuwa abu biyu ne dabam. Akwai wanda mutum zai ga ɗaki na juyawa da shi kamar yaron da ya gama wasan hajijiya a dandali. Wannan galibi daga can cikin kunne yake, yakan zo ko da kana kwance, da zarar ka juya kai bisa matashi. Akwai kuma wanda kai zai yi sakayau, ido ya rufe da duhu, kunne ya ɗauki ƙara, gwiwa ta yi sanyi, kuma ba ya zuwa sai an miƙe tsaye. A nan zan kira na farko hajijiya, na biyu jiri. Ban ce haka ƙamus ya raba su ba, rabon nawa ne, amma duk wanda ya iya yi wa likita wannan bambanci ya rage masa rabin aiki. Maganata a kan na biyun take.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Sa'ad da mutum ya miƙe, nauyi kan ja jini wajen rabin lita, wani lokaci fiye, ya gangara ƙafafu da ciki. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, wanda take turawa sama zuwa ƙwaƙwalwa shi ma ya ragu. Allah da ikonsa ya sanya wasu 'yan masu gadi a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, aikinsu su ji ƙarfin jini ya faɗi su kai rahoto. Nan da nan zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, kafin ka taka taku biyu an daidaita kome. Saurayi bai ma san ana wannan hidima a jikinsa ba. Magungunan hawan jini kuwa aikinsu ke nan su hana abubuwan nan: wani ya saki jijiya kada ta tsuke, wani ya rage wa zuciya sauri, wani ya fitar da ruwa da gishiri ta fitsari. In tsufa ya zo, ko ciwon sukari ya daɗe, masu gadin su ma sai su yi nauyin ji. Likitoci sun sa wa abin iyaka: in lambar sama ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, to jinin mutum na faɗuwa da tsayuwa.

Abin da ban taɓa gani an rubuta ba a 'yar takardar nan da ke cikin kwalin magani shi ne, ita takardar an yi ta ne don mutanen da ke kwana a gado mai tsawo, su zauna a kujera, su ci abinci a tebur, har bayan gida ma a zaune suke yi. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke hira, a ƙasa muke cin tuwo, a tsugune muke kama ruwa, a tsugune muke alwala, sa'an nan mu kai goshi ƙasa mu ɗago sau da yawa a wuni. Tashi daga tsuguno kuwa ya fi tashi daga kujera kayar da jini nesa ba kusa ba, domin tsugunon yana matse jijiyoyin ƙafa, da ka miƙe sai su buɗe gaba ɗaya kamar an fasa madatsar ruwa. Bature mai shan irin ƙwayata zai iya wuni bai yi irin wannan miƙewa ko sau ɗaya ba. Ni kuwa, in na lissafa raka'o'in farilla goma sha bakwai da nafilfili da alwala da zaman cin abinci, na fi sau talatin. Ga kuma rana. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi kan wuce awo 40, jijiyoyin fata su buɗe don jiki ya huce, gumi ya kwashe ruwan da ƙwayar fitsari ta rage.

Nawa jirin da azahar yake zuwa, har abokan zamana a masallacin sashenmu suka san shi. Ƙwayoyi biyu aka rubuta mini: amlodifin, da wata haɗaɗɗiya mai lisinofiril da maganin fitsari a ciki, wanda sunansa ya fi shi tsawo, shi ya sa a kwali ake taƙaita shi da HCTZ. A tagar ba da magani aka ja mini layi ɗaya a jikin kowace leda, aka ce, "Ɗaya kullum, Malam," aka kira na bayana. Ba wanda ya ce da wane lokaci. Kamar kowa, sai na haɗa su da kokon safe wajen ƙarfe 7. Safiya lafiya lau, lacca biyu ina tsaye gaban allo ba abin da ke samuna. Amma in na ci abincin rana, na tafi masallaci cikin rana, na ɗago daga sujada ta biyu zuwa raka'a ta gaba, sai in ga liman ya ɓace, sahu ya ɓace, ba abin da ya rage sai duhu mai ɗigon taurari. Daƙiƙa biyar ko goma ne, amma mai tsaye cikin duhu ba ya ƙidaya daƙiƙa daidai. Ran da na dafa kafaɗar wani ɗalibi na kusa da ni, bayan sallama ya ce, "Malam, ko in kawo mota?" Na ce masa a'a, ya kawo ruwa.

Daga baya na zauna na yi lissafin da kowa zai iya yi in an ba shi lambobin. Maganin fitsarin nan yakan fara aiki bayan awa 2, ya kai ƙarfinsa wajen awa 4. Lisinofiril yakan kai ƙololuwa wajen awa 6. Amlodifin tsakanin awa 6 da 12. Ɗora waɗannan bisa ƙarfe 7 na safe, ka ga inda suka haɗu: tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, daidai lokacin da rana ta take tsaka. Ga kuma na huɗunsu, abinci. Bayan mutum ya cika ciki, musamman da abu mai nauyi irin tuwo ko shinkafa, jini kan tattaru a hanji don aikin narkarwa, ƙarfinsa a sauran jiki ya ragu har wajen awa biyu. Wannan sananne ne ga tsofaffi ko da ba su shan kome. Watau dai ƙwaya uku da rana da tuwo suka yi mini taron dangi, ni kuma na kai musu kaina da tashi daga sujada.

Likitan da na koma wurinsa bai yi mamaki ba. Ya sa na kwanta minti biyar ya auna, ya ce in miƙe, ya auna bayan minti ɗaya, ya sake bayan uku. Da yake da hantsi ne, faɗuwar ba ta kai iyakar da na ambata ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, awon asibiti awon lokaci ɗaya ne. Kana da ma'auni a gida?" Na ce ina da shi. Ya ce in kai shi ofis in yi mako guda ina aunawa zaune da tsaye, da safe da azahar da dare, in rubuta. Littafin nan shi ya yi shari'ar. Da safe lambar sama takan faɗi da 8 ko 10 in na miƙe. Da azahar kuwa daga 124 ta koma 98. Da ya gani sai ya raba haɗaɗɗiyar ƙwayar gida biyu: maganin fitsari ya tsaya da safe, lisinofiril ya koma bayan lisha. Amlodifin ya ce in bar shi inda yake, don shi mai dogon zango ne, yakan ɗauki awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka ga wanda ya daɗe yana sha, safe da dare kusan duk ɗaya ne. Bai rage mini ko miligiram guda ba a wannan zuwa. Cikin kwana goma jirin ya zama sai jefi-jefi.

A nan ne tambayar da ake yawan yi take shigowa: shin da safe ya fi ko da dare? Su kansu masana sun yi shekaru suna ja-in-ja. A 2019 wasu likitoci a ƙasar Sifen, ƙarƙashin Ramon Hermida na Jami'ar Bigo, suka fitar da sakamakon wani bincike mai suna Hygia a kan mutum 19,084, suka ce masu shan magani lokacin kwanciya sun sami ragin bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Labari ya cika jaridu da wayoyin hannu, har gidajenmu ya shigo, aka yi ta turawa juna. Amma likitoci da yawa suka ɗaga gira, don ragin ya yi yawa. Ko sabon magani da wuya ya yi haka, balle sauya agogo kawai. Sai a 2022 Jami'ar Dandi ta Sikotilan (ba irin dandin da iyayenmu suka hana mu ba) ta fitar da nata binciken mai suna TIME. Mutum 21,104 aka raba biyu, rabi da safe rabi da dare, aka bi su fiye da shekara biyar. Waɗanda abin ya faɗa wa cikin 'yan dare kashi 3.4 ne cikin ɗari, cikin 'yan safe 3.7, bambancin da bai wuce na sa'a ba. Wani binciken a Kanada mai suna BedMed, da mutum 3,357, wanda aka bayyana a 2024, shi ma haka ya samu, kuma bai ga 'yan dare sun fi faɗuwa ko karaya ba. Abin da TIME ya ƙara gani, wanda ni a wurina ya fi sauran amfani, shi ne 'yan dare sun fi kauce wa lokacin da aka sa musu. Ba mamaki; da safe mutum na da tsari, da dare kuwa baƙi da gajiya da barci ke mulki.

To ashe zuciya ba ta damu da agogo ba, muddin ƙwayar na shiga kullum. Wannan kuwa albishir ne ga mai jiri, domin ya ba shi 'yancin ya zauna da likitansa su matsar da ƙwaya zuwa lokacin da ba za ta kayar da shi ba, ba tare da tsoron ya rasa kariyarta ba. Sai dai a tuna, waɗannan bincike duka a ƙasashen sanyi aka yi su, kuma galibin mutanen ciki Turawa ne masu zaman kujera. Sun amsa tambayar bugun zuciya, ba su amsa tambayar azahar a watan Afrilu ba. Wanda aka yi a kanmu shi ne CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, aka buga a 2019, da mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Kano cikin wuraren da aka yi aikin. Shi bai duba lokaci ba, haɗi ya duba, ya samu cewa ga baƙar fata haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da maganin fitsari ko da ferindofiril, ya fi haɗin waɗancan biyu su kaɗai saukar da jini. Amfanin sanin wannan ga mai jiri shi ne akwai hanya fiye da ɗaya. Wanda maganin fitsari ke busar da shi da bazara ba dole ne ya zauna a kansa har abada ba.

Amma 'yancin nan yana da iyaka, don akwai ƙwayoyin da lokacinsu ba na zaɓi ba ne. Maganin fitsari, irin su Moduretic da Lasix, na safe ne. Wanda ya sha shi da dare zai tashi sau uku ko huɗu, cikin magagin barci, jiki da ɗumi, jijiyoyi a sake, ya ratsa tsakar gida cikin duhu in ba wuta, ya tsuguna, ya juye mafitsara, ya miƙe. Duk sharuɗɗan faɗuwa sun cika a wannan 'yar tafiya, kuma dattijon da ya karya ƙugu a bakin banɗaki sau da yawa ba ya sake komawa yadda yake. Akasin haka, akwai magungunan da ake ba dattawa maza saboda tsokar nan ta wuyan mafitsara da kan kumbura da tsufa ta riƙe fitsari, irin su doksazosin da firazosin. Su ma suna saukar da jini, kuma shan farko kan kayar da mutum warwas, shi ya sa ake cewa a fara su lokacin kwanciya. Matsalar ita ce likitan mafitsara dabam, likitan hawan jini dabam, kowa da katinsa, dattijo kuma ba ya ganin ya kamata ya gaya wa wannan abin da wancan ya ba shi, balle ciwon da ake jin nauyin ambata.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan abin da wani zai ga ƙarami ne, wani kawuna ne, Allah ya jiƙansa. Manomi ne kuma mai sayar da hatsi, mutum mai ƙarfi. An gano hawan jininsa, aka ba shi magani, ya yi wata biyu yana sha. Ran nan ya sunkuya zai ɗaure buhu, ya ɗago, ya faɗi a gaban abokan cinikinsa. Bai ji ciwo ba, kunya ya ji. Da na je gaishe shi da hutu na tambayi maganin, sai ya ce, "Kai ɗan nan, da ƙafata na je asibitin, su suka sa mini ciwon. Tun da na bari ban sake ganin jiri ba." Gaskiya ya faɗa, bai sake gani ba. Na yi magiya, na ce, "Kawu, a koma a gaya musu, ana iya sauyawa." Ya ce in an kawar da amfanin gona. Kafin shekara ta zagayo ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Shekara biyu ya yi kwance, mutumin da ba ya yarda a ɗaukar masa buta. Ban ga laifinsa ba har yau. Hujjar da ke gabansa ya bi: ga abin da ya sha, ga abin da ya same shi. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa jirin nan abu ne da aka sani, mai gyaruwa da rage awo ko sauya lokaci ko sauya ƙwaya.

Akwai ma abin mamaki da zai so ya ji. A wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna SPRINT, wanda aka buga a 2015 da mutum 9,361, an matsa wa rabinsu magani da nufin lambar sama ta sauka ƙasa da 120, sauran ƙasa da 140. Waɗanda aka matsa wa sun fi suma, gaskiya ne, amma sun fi tsira daga mutuwa da ciwon zuciya, ba su fi sauran jin rauni daga faɗuwa ba, kuma da aka riƙa auna su a tsaye, faɗuwar jini da miƙewa ta fi ƙaranci a cikinsu. Dalili kuwa, hawan jinin da aka ƙyale shi ma yana sandarar da jijiyoyi, ya kurmantar da masu gadin nan da na ambata. Wanda ya bar magani don gudun jiri yana iya haɗuwa da shi a gaba ta wata ƙofar. Wasu ƙwayoyin ma, irin su atenolol, in aka yanke su rana ɗaya zuciya kan yi tsalle ta fi da.

Azumi shi ne babbar jarrabawa. Na 2021 da 2022 da 2023 duk cikin tsakiyar bazara suka faɗo, awa goma sha uku zuwa sha huɗu ba ruwa. Mai shan ƙwaya sau ɗaya a wuni, in mai dogon zango ce, galibi yana iya azuminsa lafiya, ya sha ta da sahur ko da buɗa baki. Gardamar a kan maganin fitsari take. In ka sha shi da sahur, ka kori ruwan da za ka wuni da shi tun kafin hantsi. In ka sha da buɗa baki, zai same ka a sahun asham. Likitana ya zaɓi na biyun, ya kuma raba ƙwayar biyu har watan ya wuce, ya ce alwala biyu ta fi suma ɗaya. Lisinofiril kuwa sai an dawo daga asham. Ban ga hikimar haɗa ƙwayoyi duka da dabino ba, kamar yadda da yawa ke yi: ciki cike da ƙunu da ƙosai da tuwo, ga magani na hawa, ga doguwar tsayuwa ba motsi. Duk wanda ya saba tahajjud a goman ƙarshe ya taɓa jin ƙarar faɗuwar wani a sahu. Tsayuwa cik ita ke tara jini a ƙafa, don naman sha-raɓa shi ne famfon da ke tura shi sama, kuma ba ya aiki sai an motsa.

A nan ma ba mu da uzurin wahalar da kai, domin tun muna yara a zaure muka karanta a Ahalari cewa sallar farilla tana da halaye bakwai a jere, daga tsayuwa ba jingina, zuwa tsayuwa da jingina, zuwa zama, har zuwa kwanciya. Amma dattijonmu ya gwammace ya faɗi da a gan shi yana salla a zaune. Ni dai abin da nake yi ba ya kai ga haka. In zan tashi daga sujada nakan ɗan jinkirta, in dafa ƙasa, in ɗaure naman cinya da na sha-raɓa kafin in miƙe, in kuma bar kai ya zama na ƙarshen ɗagowa. Da asuba ba na zabura daga shimfiɗa ko da ladan ya yi kira na biyu. Nakan zauna a bakin gado in karanta addu'ar tashi daga barci, in motsa tafin ƙafa sama da ƙasa, tsawon addu'ar ya ishi jijiyoyi su farka. Na sa 'yar kujera a wurin alwala. Nakan sha kofi biyu na ruwa kafin in fita azahar, na kuma rage tuwon rana na mayar da nauyin abinci dare. Abu ɗaya da ba na yi shi ne ƙara gishiri. Shawara ce da ake ba masu ƙarancin jini na asali, ta kuma yaɗu a bakin mutane, amma ga mai hawan jini rushe ginin ne da hannunsa, mu da miyarmu ta riga ta ƙoshi da gishiri da dunƙule da kanwa.

Akwai kuma 'yan rakiya da ba a lissafa su cikin magani. Zoɓo na saukar da jini kaɗan, an gwada an gani. Kofi ɗaya ba kome, amma mai shan jarka a wuni don an ce masa magani ne, ga kuma ƙwaya, ya san ya ƙara awo. Maganin ƙarfin maza, Viagra da danginsa, yana buɗe jijiyoyi, in ya haɗu da maganin mafitsara ko ƙwayar ciwon ƙirji ta ƙarƙashin harshe yana iya kayar da jini ƙasa mai hatsari, kuma ba duk abin da ake sayarwa a kwalba da sunan gargajiya ne ba shi da shi a ciki. Su ibufurofen da dikulofenak da muke saya a kyamis don ciwon gwiwa akasin haka suke yi, su ɗaga jini su wahalar da ƙoda. In kuma gudawa ko amai ko zazzaɓi mai gumi ya kama mai shan lisinofiril da maganin fitsari, jiki ya riga ya bushe, likitoci kan ce a dakata da waɗannan biyu kwana ɗaya ko biyu har a soma ci da sha. Kyau a tambayi wannan tun ana lafiya. Wanda ya manta ƙwayar jiya kada ya haɗa biyu yau don ramuwa, ba azumi ba ne.

Ba kowane jiri ne na ƙwaya ba, kuma kada sabo ya rufe ido. In ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, ko ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ba tsari, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko mutum ya suma ɗungurungum, wannan ba na jira a ga likita ran Litinin ba ne, na a nemi mota ne yanzu. Wanda kuma ya faɗi a gabanmu, al'adarmu mu taru a kansa, mu tayar da shi zaune, mu ɗura masa ruwa. Duka biyun cutarwa ne. Faɗuwar ita ce dabarar jiki ta mayar da jini kai. A bar shi kwance, a ɗaga ƙafafunsa bisa matashi ko cinyar wani, a sassauta masa riga, a ba shi iska. Ruwa sai ya farfaɗo ya iya riƙe kofi da kansa.

Ku 'yan'uwa ɗalibai, na san yawancinku wannan ciwo bai zo kanku ba tukuna. Amma ku ne ake miƙa wa ledar magani in kun je gida hutu, a ce, "Duba mana, kai da ka yi boko." Kada ku tsaya ga karanta suna. Ku tambayi Baba ko Inna da wane lokaci suke sha, da wane lokaci kuma jirin ke zuwa, suna me yake zuwa. Ku zazzage ledojin duka wuri ɗaya, na asibiti da na kyamis da na kwalba, ku kai wa likita tare. In akwai ma'auni a gidan ko a maƙwabta, ku auna zaune da tsaye na 'yan kwanaki ku rubuta a bayan littafin lacca. Kuma a sake awon in yanayi ya juya, don jini yakan hau da sanyi ya sauka da zafi. Awon da ya dace da ni a watan Afrilu ba ya isata a Disamba. Da hunturun bara ya kama, lambar safe ta haura 140 kwana biyar a jere, likita ya mayar mini da rabin ƙwayar da ya cire, ya rubuta a katina in dawo da littafin farkon Maris.